ƘAFAR MOTA DA TAFIN RAƘUMI: TARIHIN GWAJIN MOTOCI A HAMADA DA ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Idan ana maganar tarihin mota a ƙasar Hausa, abin da aka fi tunawa shi ne ranar da aka fara ganinta, da irin mamakin da jama'a suka yi, da sarakunan da suka fara hawanta. Ba a cika tambayar abin da ya sa ta iya tafiya a ƙasar da babu kwalta ba, balle yadda aka yi har ta keta hamadar Sahara. Da za a yi tambayar, akasarin mutane za su ce ƙarfin inji ne. Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan amsa ba, gama motocin da suka fara ƙetare Sahara cikin 1922 injinsu bai kama ƙafar na ƙaramar motar haya ta yau ba. Abin da ya ba masana wuya, har aka share fiye da shekara hamsin ana gwaji, abu biyu ne. Na farko taya, wadda Bahaushe ya kira ƙafar mota. Na biyu sifirin da shokazoba, watau ƙarafan da ke tsakanin ƙafa da gangar jikin mota, masu ɗaukar nauyi da shanye girgiza.

Wannan lacca za ta bi diddigin waɗannan gwaje-gwaje daga mahangar Birnin Zariya, birnin da ya daɗe yana zaman zango tsakanin hamada da kurmi, wanda kuma babbar hanyar da aka tsara daga Aljas zuwa Ikko take bi ta gefensa. Za a nuna cewa an yi babban ɓangare na gwajin a ƙasashen Hausa da Azbin, amma ilmin da aka samu ya tafi tare da masu gwajin, ya bar direbobi da makanikai na gida suna nasu gwajin ba ma'auni, ba rubutu, wani lokaci kuwa da rayukan mutane ake biyan kuɗin kuskure.

Darasin Fatake

Tun kafin zuwan mota fatake sun san cewa kowace ƙasa da irin ƙafar da ta dace da ita. Raƙumi yana da yatsu biyu a kan faffaɗan tafi mai laushi, wanda yake bajewa idan ya taka, ya tsuke idan ya ɗaga. Saboda haka nauyinsa yakan warwatsu a kan rairayi, ba ya nutsewa kamar yadda doki yake yi da ƙaramin kofatonsa mai tauri. Da wannan tafi ne ayari yake tasowa daga Tarabulus, ya biyo ta Gadamas da Gat da Azbin da Damagaram har Kano, tafiyar wata uku ko fiye, kuma da shi ne Buzaye suke ɗauko gishiri da dabino daga Bilma da Faci.

To amma tafin da ya yi sarauta a rairayi, da ya shigo ƙasa mai taɓo sai ya zama abin tausayi, domin santsi yake kwasarsa. Ƙasar Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, tana da fadamu da rafuka irin su Galma da Kubanni, ga kuma tsando a kudancinta. Don haka kayan da raƙumi ya kawo Kano, jaki da takarkari da 'yan alaro ne suke wucewa da su ta Zazzau zuwa Nufe da Gwanja. Madugu ba ya karanta littafi a kan nauyi da faɗin tafi, amma ya san inda zai sauke raƙumi ya ɗora wa jaki. Wannan sani shi ne masu ƙera mota suka zo suka sake nema daga farko.

Dogo da Mota a Zazzau

Turawan Ingila sun shigo Zariya cikin 1902, kuma tun farkon mulkinsu sufuri ya zame musu ƙarfen ƙafa. Sun gwada share hanyar amalanke daga Zungeru zuwa Zariya, amma damina da cutar dabbobi suka hana ta yin amfanin da aka zata. Sai aka koma ga jirgin ƙasa. Dogon da ya taso daga Baro ya iso Zariya, ya kai Kano cikin 1911, da gumin talakawan da aka tara aikin diga a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi. Daga nan Zariya ta zama mararraba: aka fitar da ƙaramin dogo zuwa ƙasar kuza ta Jos, wanda aka rufe cikin 1957, aka kuma ja wani zuwa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda cikin 1929.

Zuwan dogo ya karya fataucin Tarabulus, domin kayan da raƙumi yake wata da watanni yana ɗaukowa, yanzu sai su biyo teku zuwa Ikko, jirgi ya kawo su Kano da araha. Ya kamata a riƙe wannan magana, gama tana nufin cewa a lokacin da mota ta koyi ƙetare Sahara, cinikin da ya raya hanyar shekaru aru-aru ya riga ya juya fuska kudu.

Aikin mota na farko a nan shi ne kai auduga da gyaɗa bakin tasha. Manyan motocin da aka fara kawowa Afirka ta Yamma masu nauyi ne ƙwarai, tayoyinsu roba ce zalla ba iska, ga su sirara. Da rani su farfasa hanya, da damina su kafe a taɓo. Bayan Yaƙin Duniya na Farko sai ƙananan motocin Amurka, musamman Ford, suka cika kasuwa. Ba su da nauyi, cikinsu yana nesa da ƙasa, tayoyinsu na iska ne, saboda haka suna iya bin hanyar da aka share da fartanya kawai. Cikin 1926 wani tsohon ɗan majalisar Ingila, Frank Gray, ya tashi daga Ikko da 'yan ƙananan motoci biyu ƙirar Jowett, ya keta Arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan har gaɓar Bahar Maliya. Darasi na farko ke nan: rashin nauyi da iskar taya sun fi girman inji amfani a inda babu hanya.

Gasar Ɗamara da Taya

Su kuwa Faransawa matsalarsu dabam ce. Suna mulkin Aljeriya a arewa, suna mulkin Nijar da Sudan ta Faransa, watau Mali ta yau, a kudu, hamada ta raba tsakani. Tawayen Kawusan a Agadas cikin 1916 da 1917 ya nuna musu haɗarin mulkin ƙasar da ba a iya kai mata ɗauki da sauri. Sojoji suna son hanya, masu kamfanonin mota kuma suna son suna, sai buƙatun biyu suka haɗu.

André Citroën shi ya fara. Ya ɗauki dabarar wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa zama shugaban garejin Sarkin Rasha, inda ya ƙirƙiro hanyar tafiya a kan ƙanƙara. Dabarar ita ce a bar tayoyin gaba yadda suke, a cire na baya, a sa wata doguwar ɗamara ta roba mai zagayawa irin ta katafila, don nauyi ya bazu. Motoci biyar masu irin wannan ƙafa suka tashi daga Tugurt a Aljeriya ran 17 ga Disamba 1922, a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka shiga Tambutu ran 7 ga Janairu 1923, bayan tafiyar fiye da kilomita 3,000. Wannan ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara. Cikin Oktoba 1924 kamfanin ya sake tura motoci takwas, waɗanda suka gangaro Yamai, suka ratsa ƙasar Hausa ta Tasawa da Damagaram, suka wuce tafkin Cadi, tafiyar ba ta ƙare ba sai a tsibirin Madagaska cikin 1925.

Kamfanin Renault bai yarda da ɗamara ba. Shi ya ƙera mota mai ƙafa shida, kowace ƙafa da taya biyu a jere, watau taya goma sha biyu ke nan, huɗun ƙafafun baya duka suna ja. Cikin 1924 Gaston Gradis da 'yan'uwa biyu, Georges da René Estienne, suka gwada irin waɗannan motoci a hanyar Tanazruft, daga Kolom-Bashar zuwa kogin Kwara. Gwajin ya raba gardama. Ɗamara ta fi iya rairayi mai laushi, amma ba ta da sauri, tana shan mai, duwatsu kuma suna cinye ta da wuri. Sahara kuwa, saɓanin abin da ake zato, tudun rairayi ƙaramin kashi ne nata. Mafi yawanta tsakuwa ce da dutse da fili mai tauri. A irin wannan ƙasa taya ta yi wa ɗamara fintinkau. Ba a daɗe ba aka soma safarar fasinja, aka jera gangunan alama da wuraren shan mai a hanyar Tanazruft. Cikin 1933 Georges Estienne ya kafa kamfaninsa, wanda motocinsa suka riƙa tashi daga Aljas, su biyo ta In Sala da Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su sauke a Kano. Hanyar ayari ta zama hanyar mota, fasinjan da ya sauka a Kano kuwa jirgin ƙasa yake hawa ya wuce ta Zariya zuwa teku.

Ilmin Iska

Abin da ya tabbatar wa taya nasara shi ne gano amfanin rage mata iska. Tun cikin 1923 kamfanonin taya irin su Michelin da Firestone suka fito da taya mai ƙiba wadda ba ta bukatar iska da yawa. Amma wanda ya fi kowa nazarin abin a rairayi shi ne wani hafsan sojan Ingila da ke zaune a Masar, Ralph Bagnold. Daga ƙarshen shekarun 1920 shi da abokansa suka riƙa kutsawa hamadar Libiya da ƙananan motocin Ford, suka gano cewa idan an sassauta iskar taya, aka kuma tunkari tudu da gudu daidai, mota tana hawa rairayin da a da ake cewa sai raƙumi. Suka riƙa ɗaukar farantan ƙarfe da tabarmi don shimfiɗa wa ƙafar da ta kafe. Bagnold bai tsaya ga tuƙi ba: ya auna, ya rubuta, har ya wallafa littafi a kan yadda iska take tafiyar da rairayi cikin 1941. Da wannan ilmi ya kafa rundunar sintirin hamada cikin 1940, wadda ta haɗa kai da sojojin Faransa na Cadi suka kai hari Murzuk cikin Janairu 1941.

Bayanin abin ba shi da wuya. Nauyin mota duka yana sauka ne a kan ɗan wurin da taya ta taɓa ƙasa, wanda a ƙaramar mota bai fi tafin hannu ba ga kowace ƙafa. Idan taya ta cika da iska tam, wurin yakan ƙanƙance, sai ta huda rairayi, ta tara shi a gabanta, mota ta zama kullum kamar tana hawan tudun da ita ce take gina shi. Idan aka rage iskar, sai tafin ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, ƙafa ta hau bisa rairayi maimakon ta shige cikinsa. Watau dai an mayar da kofaton doki tafin raƙumi.

Sai dai kowane gauta ja ne, sai in bai sha rana ba. Ita ma wannan dabara tana da nata haɗari. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasawar tana haifar da zafi, zafi kuwa shi ke fasa taya. Dutse yana saurin yanka gefen, kuma idan aka yi kwana da ƙarfi tana iya zamewa daga kan wili. Saboda haka ƙa'ida ita ce a rage iska a rairayi, a rage gudu, a mayar da iskar da zarar an fito ƙasa mai tauri.

Haka nan ƙara girman taya. Babbar taya tana ɗaga cikin mota daga ƙasa, tana tsallake rami da sauƙi, tafinta kuma ya fi tsawo. Kamfanin Berliet ya kai wannan tunani matuƙa cikin 1957, da ya ƙera wata gingimari mai suna T100 domin aikin man fetur a Sahara, wadda tsayin kowace tayarta ya ɗara mita biyu. Amma a motar da ba a ƙera ta domin haka ba, girman taya yana da farashi. Alal misali, idan kewayen taya ya ƙaru da kashi ɗaya cikin goma, ƙarfin jan da inji yake kaiwa ƙasa zai ragu da kusan haka, birki zai ƙara wahala, ƙarafan da ke juya ƙafa za su ɗauki abin da ya fi ƙarfinsu. Daɗin daɗawa maleji zai riƙa ƙarya: direba yana ganin 100, alhali gudun 110 yake yi. Motar da aka ɗaga kuma ta fi saurin kifewa, domin nauyinta ya koma sama.

Sifirin da Gargada

Rairayi shi ke kafe mota, amma abin da ke kashe ta shi ne gargada. Duk hanyar burji ko ta tsakuwa da motoci suka yawaita bi, takan yi ƙananan kunyoyi a jere kamar bayan kwanon rufi. Idan mota ta hau su a hankali, kowace kunya sai ta girgiza ta; idan ta yi gudu sosai, ƙafafu suna tsallake kunyoyin, girgiza ta ragu, amma taya ba ta kama ƙasa da kyau, sitiyari da birki su rage amfani. A nan aikin sifirin da shokazoba yake. Sifirin shi ke lanƙwasawa ya shanye duka, shokazoba kuwa, wanda bututu ne mai mai a ciki, shi ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan dukan ya wuce. A doguwar gargada man da ke cikinsa yakan yi zafi ya tsinke, ya daina riƙo, daga nan ganyen sifirin ya soma karyewa, kusoshi su kwance, ƙashin bayan motar ya tsage.

Gwaje-gwajen da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fi mayar da hankali a kan wannan. Land Rover ta fito cikin 1948, ta zama dokin jami'an gona da na lafiya da na En'e a duk faɗin Arewa. Daga Nuwamba 1959 zuwa Janairu 1960 Berliet ya tura manyan motoci tara masu ja da ƙafa shida suka keta Tenere daga Janat zuwa Cadi, tare da masana ƙasa da na tarihi. Amma gwajin da ya fi shafar Nijeriya kai tsaye shi ne tseren motoci na watan Mayu 1974, wanda aka shirya albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya, daga Landan zuwa Munik, aka bi da shi ta Sahara har Kano sannan a juya. Cikin motocin da suka tashi, 19 kaɗai suka kai ƙarshe. Da yawa sun ɓace a kudancin Aljeriya, domin aikin sabuwar hanya ya sauya alamomin da ke cikin takardar jagora, wasu kuma gargada ta karya su. Motar da ta yi nasara, da ratar fiye da kwana guda, ba mai ja da ƙafa huɗu ba ce. Citroën DS ce ta wasu 'yan Ostareliya uku, wadda ba ta da sifirin na ƙarfe sam. A maimakonsa tana da ƙwallaye masu iskar gas da mai, kuma direba yana iya ɗaga cikinta ko ya sauke shi daga inda yake zaune. Waɗanda suka biyo bayanta kuwa Peugeot 504 ne.

Shekara guda bayan haka, cikin 1975, masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ana kawo kayanta ta jirgin sama daga Faransa zuwa Kano, a biyo da su ta Zariya. Farin jinin 504 a ƙasar nan ba daga kyaun fuska ya zo ba. Ƙafafunta suna da tazarar hawa da sauka mai yawa, jikinta yana da ƙwari, doguwar kuma tana da naɗaɗɗen sifirin biyu a kowane gefe na baya. Abin da aka koya a gargadar Afirka shi aka sayar wa Afirka.

Daga nan sai tseren Faris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya ƙirƙiro, aka fara shi a ƙarshen Disamba 1978, ya bi ta Tamanrasat da Agadas da Yamai. Ababen hawa 182 suka tashi, 74 suka isa. Shekara da shekaru Tenere ta zama filin gwajin manyan kamfanonin Turai da Japan, inda suke auna shokazoba da taya, yayin da mutanen ƙauyukan da ake ratsawa suke kallon ƙura, wani lokaci ma ana take 'ya'yansu. An soke tseren cikin 2008 saboda tsaro, aka kai shi Amurka ta Kudu cikin 2009, sannan Saudiyya cikin 2020. Filin ya zauna, ilmin ya tafi.

Gwajin da Ba a Rubutawa

Ba wai mutanen ƙasa sun naɗe hannu ba ne. Duk garejin da ke Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya, ko Fanteka a Kaduna, ko tashar Agadas, wurin gwaji ne. Makaniki yakan ƙara wa akori-kura ganyen sifirin biyu ko uku don ta ɗauki buhunan masara daga kasuwar Giwa ko ta Makarfi, yakan sa mata tayar da ta fi tata girma, yakan yi wa ƙashin bayanta walda. Direban hamada yana rage iska da ido, ya san rairayi ya fi tauri da asuba kafin rana ta gasa shi, yana gane ƙasa mai laushi daga launinta. Wannan ilmi ne na gaske, kuma duniya ta ga ƙarfinsa cikin 1987, lokacin da sojojin Cadi a kan ƙananan motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum.

Inda gizo yake saƙar shi ne, Bagnold ya auna ya rubuta, makanikin gida kuwa ba shi da ma'auni, kuma ba wanda ya rubuta abin da ya gano. Ƙarin ganye yana hana mota zama a kan ƙafafunta, amma ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa taya juriya, ba ya ƙara wa ƙarfen ƙafa kauri. Yana kuma sa sifirin ya yi tauri, sai dukan da ya kamata ya shanye ya wuce kai tsaye zuwa jikin motar. Watau ƙarin ganye yana ɓoye alamar lodi ya yi yawa, ba ya kawar da haɗarinsa. Ga kuma matsalar taya kanta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal cikin 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Ikko cikin 2008, kasuwa ta cika da tayoyin gwanjo da aka ƙera domin ƙasashe masu sanyi. A jikin kowace taya ta zamani akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, amma masu saye kaɗan ne suke dubawa.

A kan kwalta, motar da ta lalace jinkiri ta jawo. A hamada kuwa ajali ne. Cikin 2013 wasu matafiya suka tashi daga Arlit za su Tamanrasat a motoci biyu, motocin suka lalace a hanya, ruwa ya ƙare. An tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, akasari daga yankin Kance a ƙasar Damagaram. Hausawa ne, a kan hanyar da kakanninsu suka bi da raƙuma, a kan hanyar da kamfanonin duniya suka gama gwajinsu shekaru da yawa kafin nan.

Ɓarnar lodi ba ta tsaya ga fasinja ba, har hanya tana shafa. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka sau biyu, ɓarnar da take yi wa kwalta takan ninka kusan sau goma sha shida. Ma'aikacin da yake mamakin yadda sabuwar hanya take mutuwa cikin 'yan shekaru, to ga wani ɓangare na amsar.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa mota ba ta ci hamada da ƙarfin tuwo ba, sai da ta koyi abin da raƙumi ya sani: baza nauyi, sassauta tafi, da ɗaukar abin da baya zai iya. Ya kuma nuna cewa bambancin da ke tsakanin gwajin kamfani da na makanikin gida ba na basira ba ne, na ma'auni da rubutu ne.

Zariya ta fi kowane gari a Arewa cancantar cike wannan giɓi. A nan Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962 da tsangayarta ta injiniya, a nan kuma aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya cikin 1986. Taɓo da burji da gargada duk suna bakin ƙofa, rairayi kuwa tafiyar yini ce zuwa arewa. Ya kamata ɗalibin injiniya ya shiga gareji da sikeli da ma'aunin iska, ya auna abin da ƙarin ganye ɗaya yake yi wa mota, ya rubuta sakamakon da Hausar da makaniki zai karanta. Ya kamata ɗalibin harshe da na tarihi su zauna da tsofaffin direbobin Agadas da na Kano su tattara saninsu da kalmominsu tun suna raye. Jami'in da aka ɗora wa sayen motocin asibiti ko na aikin gona kuwa, kafin ya tambayi launi da girman inji, ya fara tambayar irin ƙasar da motar za ta taka, da nauyin da za ta ɗauka, da shekarar da aka ƙera tayarta. Madugu bai taɓa ɗora wa raƙumi kaya ba sai ya duba tafinsa da bayansa, domin ya san rayuwar ayari duka a kansu take.